Ilmin Lissafin Kuɗi Da Makomar Jere: Jawabi Ga Ɗalibai Da Iyayensu A Khaddamari



An nemi in yi magana a kan fannoni uku da ake karantawa a jami'a, watau ilmin akanta, da sarrafa kasuwanci, da tattalin arziki. Zan fi daɗewa a kan na farkon, domin a ganina shi ne ƙasar Jere ta fi yunwarsa, shi ne kuma yaranmu suka fi gudu saboda tsoron lissafi.

Rubuta kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A zamanin En'e kowace masarauta tana da baitulmali da ma'aji, ana kuma tura akawuna horo a Kongo ta Zariya, makarantar da aka haɗe da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da jami'a ta ƙara a kan wannan shi ne tsari. Wani malamin lissafi na Italiya, Luca Pacioli, shi ya buga bayanin tsarin a birnin Banis a 1494: kowane kwabo a rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga. In ɓangarorin nan biyu suka ƙi daidaita, to ko dai an yi kuskure, ko kuwa wani ya sa hannu inda bai kamata ba. Duk karatun shekara huɗu a kan wannan harsashi aka gina shi.

Bari in kawo misalin da kowa zai gane. Tun da aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011, Keke Napep ya zama abin sufurinmu, ya kuma zama jarin samari da yawa. A ce yaro ya sayi keke naira miliyan 3, keken kuma zai yi masa aiki shekara 4 kafin ya zama sai 'yan gwangwan. Kowace shekara ke nan naira 750,000 na narkewa daga jikin keken, watau fiye da naira 2,000 a kullum. Yaron nan in ya dawo gida da yamma ya cire kuɗin mai, sai ya kira sauran riba, ya cinye. Bayan shekara 4 ba keke, ba kuɗin sayen wani, sa'an nan ya ce an yi masa asiri. Ba wanda ya yi masa asiri, uwar kuɗinsa ya yi ta ci da cokali. Ɗalibin akanta tun a shekarunsa na farko ake koya masa ware wannan kaso. Haka abin yake ga mai injin casar shinkafa a Zabarmari, da mai firijin kifi a Tashar Baga.

Ku tuna gobarar Kasuwar Monday ta ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumba, 2024. A irin wannan masifa, ɗan kasuwar da lissafinsa yake a ka, ko a littafi ɗaya tak cikin shago, ba kaya kaɗai yake rasawa ba. Yana rasa hujjar bashin da yake bi, da shaidar abin da ya mallaka ranar da za a rubuta asara, banki kuma ba ya ba da rance a kan rantsuwa. Gaskiya da amana sun riƙe kasuwanninmu shekaru aru-aru, ban raina su ba, amma wuta da ruwa ba su san amana ba.

Sai batun da ya fi damuna a matsayina na ɗan jam'iyya. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Jihar Barno tana da 27, Khaddamari kuwa hedkwatar ɗaya ce daga cikinsu. Duk ranar da kuɗin nan ya sauka, wa zai tsara kasafinsa? Wa zai bi rasit ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar cewa rijiyar burtsatsen da aka biya kuɗinta an haƙa ta? Kansila da bai iya karanta kasafin kuɗi ba, sa hannu kawai zai yi a inda aka nuna masa. Talakan da aka raba da gonarsa shekara da shekaru saboda fitina, ya dawo yana jiran asibiti da aji, haƙƙinsa yana rataye ne a wuyan wanda ya iya bin diddigin lambobi. In ba mu horar da namu ba, za mu yi ta kuka da abin da ba za mu iya tabbatarwa ba.

Sarrafa kasuwanci kuwa shi ke koya wa mutum yadda zai tafiyar da ma'aikata da kaya da masu saye, da yadda sana'ar gida za ta rayu bayan mai ita. Shagunan da suka mutu ranar rabon gado kun san su, ba sai na lissafa ba. Tattalin arziki ya fi faɗi, ya kuma fi neman lissafi mai zurfi, kada wani ya ruɗe ku cewa surutu ne. Shi ke bayyana dalilin da ya sa janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya taɓa farashin kwanon gero a ƙauyen da babu gidan mai, da yadda darajar naira gaban sefa ke juya cinikin shanu da kifi a hanyar Gamboru Ngala.

Makaranta ba ta yi mana nisa ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana nan kan hanyar Bama. Ga jami'ar jiha da aka kafa a 2016, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Ramat ga wanda yake son ya fara da difiloma, daga baya ya shiga jami'a a aji biyu. Sharaɗin shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da tattalin arziki, sa'an nan jarrabawar JAMB. A nan ne yawancin yaranmu suke faɗuwa, a kan lissafi. Malamai, ku ji wannan da kyau: yaron da aka tsoratar da shi daga lissafi a aji uku, an rufe masa ƙofofin nan uku gaba ɗaya.

Iyaye kuma kada ku ce karatun maza ne. Matanmu su ke riƙe da adashi, da ƙwaƙwalwa kawai suke tuna zubin mutum talatin ba su kuskure ba. 'Yar da ta gaji wannan kai, a bar ta ta je.

Ɗalibai, digiri ba shi ne ƙarshe ba. Mai son ya zama cikakken akanta sai ya ci jarrabawar ƙungiyar ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, ko ya bi ta ANAN, mai kwalejinta a Kwall kusa da Jos. Marigayi Akintola Williams, wanda ya buɗe wa 'yan Nijeriya wannan hanya, ya ci tasa jarrabawar a Ingila tun 1949. Wanda kuɗin makaranta ya gagare shi, akwai asusun rancen ɗalibai na Gwamnatin Tarayya, NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024. Rance ne, ba kyauta ba, za a biya bayan an gama bautar ƙasa an sami abin yi, don haka ku karanta sharuɗɗansa tare da iyayenku kafin ku cika takarda.