Sabuwar Waya Ko Gyaran Tsohuwa?



Abin da ya tara mu a yau shi ne wayar da ke aljihun kowannenmu. A cikinta muke karanta takardun darasi, da ita muke rajista, ta nan kuma guzuri ke iso mu daga gida. Saboda haka ranar da ta soma ciwo hankali yakan tashi, shawarar da ke fara zuwa kuwa ita ce a sake wata. To, wannan shawara muke so mu auna.

Mu fara da farashi. Wayoyin nan daga waje ake shigo da su, da dala kuma ake sayo su. A farkon 2023 dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Watau ko masu ƙerawa ba su ƙara ko anini ba, kuɗin da za mu biya ya riɓanya. Daɗin daɗawa, Apple ya daina sa kan caja a kwali tun 2020, Samsung ya bi sawu a manyan wayoyinsa a 2021, sayensa ya koma wuyan mai saye. In musaya za mu yi, mu ba da tsohuwa mu yi ciko, to mu fara jin kuɗinta a shago biyu ko uku, domin dillali ba ya taya kaya don ya faɗi. In kuwa biya kaɗan-kaɗan aka yi mana tayi, mu tara jimlar mu gwada da kuɗin hannu.

Sai mu tambayi kanmu, shin wayar ce ta mutu, ko wani sashe nata ne ya gaji? Sau da yawa batir ne. Irin batirin da ke cikin wayoyinmu, bayan an cika shi an ƙarar kamar sau 500, ƙarfinsa yakan ragu zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari. A Disamba 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, kana a 2018 ya sauke kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa 29. Darasin a fili yake: waya mai nawa ba lalle ne ta ƙare ba, sabon batir na iya farfaɗo da ita.

Akwai kuma cututtukan da maganinsu ke hannunmu. In waya ta daskare, a kashe ta a kunna. In tana jan ƙafa, a duba ma'ajiyarta, a kwashe hotuna da bidiyon da suka cunkushe ta, a goge manhajojin da ba a amfani da su. In ta ƙi caji, a gwada wata igiya da wani kan caja tukuna, sannan a leƙa bakin cajin, gama ƙurar hunturu takan toshe shi. A kashe wayar a share shi a hankali da tsinken itace, ban da allura. In ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, kada a sa ta caji, a bar ta ta bushe inda iska ke ratsawa. Binne ta cikin shinkafa ba magani ba ne. Zafin da ya wuce digiri 35 kuwa yana cin batir, don haka kada a yi caji ƙarƙashin matashi ko cikin rana. Kafin a kai wa mai gyara, a adana abin da ke ciki, a cire layi.

Yaushe ne sakewa ta zama tilas? Lokaci biyu ne. Na farko, in kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin wayar kanta. Na biyu, in kamfani ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro, domin wayar da ke riƙe da asusun banki ba ta zama da ƙofa a buɗe. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, amma ƙananan wayoyi da yawa ba su samun haka. Mu tambaya kafin mu biya. In ta gwanjo ce, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwa, a danna *#06# a ga lambar IMEI, a sa a rubuta ta a rasit, kada araha ta kai mutum hannun 'yan sanda.

'Yan'uwa, kuɗin da ke hannunmu gumin iyaye ne, ba a aiko shi don gasa da abokin ɗaki ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.