Allura ce Riga-kafi, ba Kati ba



An nemi mu yi bayani a kan zazzaɓin shawara da allurar da ake bukata ga matafiya, mu kuwa muka ga ya dace mu fara daga gida. Mutanenmu na Gurbin Bore da Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda matafiya ne tun asali. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, iyayenmu sun shiga jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda sun nufi Kurmi, samarinmu kuwa da an kawar da amfanin gona sai ci-rani. Ga alhazai kowace shekara, ga mu kanmu masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje. Saboda haka maganar ta shafi kowannenmu.

Da farko ya kamata mu bambance abu biyu. A Hausa duk wanda idonsa ya yi rawaya akan ce yana da shawara, alhali kuwa cututtukan hanta da dama suna kawo wannan alama. Zazzaɓin shawara ciwo ne na daban, wanda sauro ke ɗauka daga jinin biri ko na mutum ya kai wa wani. Wannan sauro da rana yake cizo, kuma yana ƙyanƙyasa a cikin randa da tulu da tsofaffin tayoyi da gwangwanayen da ruwa ya kwanta a ciki. Bayan kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya taso da ciwon kai da ciwon baya da amai. Yawancin masu ciwon sukan warke. Kaɗan daga cikinsu kuwa, bayan sun ji sauƙi na yini guda, sai ciwon ya komo da rawayar ido da zubar jini, kuma wajen rabin waɗannan sukan rasu cikin kwana 7 zuwa 10. Har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, sai dai jinya.

Kada wani ya ɗauka ciwon na mutanen Kurmi ne kaɗai. An yi annobarsa a ƙasar Jos a 1969, da Oju ta Jihar Binuwai a 1986. Ya sake ɓulla a Jihar Kwara a watan Satumba na 2017, kafin ƙarshen shekarar aka tabbatar da shi a Zamfara, abin da ya sa jiharmu ta shiga sahun farko na gangamin allura a watan Janairu na 2018. A 2019 kuma ya kama mutanen da suka ziyarci gandun dajin Yankari a Jihar Bauci, suka koma da shi garuruwansu.

Allurar kanta tana da asali a Afirka ta Yamma. A 1927 aka ɗebi ƙwayar cutar daga jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi. Daga ita Max Theiler ya sarrafa allurar a Amurka a 1937, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1951. Sau ɗaya ake yin ta. A da takardar shaidarta ta shekara 10 ce, amma tun daga ranar 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da ita ta tsawon rai. Sharaɗi guda shi ne takardar ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, domin jiki yana bukatar lokaci kafin ya yi garkuwa. Watau wanda ya bari sai jajibirin tafiya ya makara. Ƙasar Saudiyya tana neman wannan shaida daga alhazan Nijeriya, haka nan ƙasashe da yawa na Afirka.

To, a nan ne matsalar take. Akwai masu sayen katin nan mai rawaya a hannun 'yan cuwa-cuwa ba tare da allura ta taɓa jikinsu ba. A watan Maris na 2012 Afirka ta Kudu ta koro 'yan Nijeriya 125 bisa zargin katin jabu, har abin ya jawo tsamin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu. Amma kunyar filin jirgi ƙarama ce. A lokacin annobar Angola ta 2016, ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin sun koma gida da cutar a jikinsu. Mai katin jabu yana iya wuce jami'in iyaka, amma sauro bai san hatimi ba, kuma abin da ya kwaso iyalinsa zai kai wa.

Abin da muke roƙo shi ne kowannenmu ya je wurin da Ma'aikatar Lafiya ta amince da shi, a yi masa allurar a kan lokaci, ya adana katinsa tare da fasfo. Mai juna biyu, da wanda cin ƙwai ke tayar masa da ciwo mai tsanani, da mai raunin garkuwar jiki, da dattijon da ya haura shekara 60, su fara ganin likita. In mun koma gida hutu, mu tuna wa iyaye mata cewa tun 2004 ake yi wa jarirai wannan allura suna da wata 9, mu sa a riƙa rufe randuna, a kife duk abin da ke tara ruwa. Ɗan ci-rani ba a tambayarsa kati a tasha, saboda haka mu da muka yi karatu mu ne za mu gaya masa ya yi allura kafin ya ɗaura kaya.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.