Sifikar da ke kuka idan an taka totur: abin da ya same ni tsakanin Boɗinga da Shagari

Waɗanda data ba ta bari suka saurari shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau kan amfilifayar mota za mu yi magana, kuma da kaina zan fara, don ni ma na sha kunya a kanta.

Yayana yana da Golf da yake lodi da ita daga Sakkwato zuwa Tambuwal. Da ita yake ciyar da gidansa. Da bikin abokina ya matso, za a ɗauko amarya daga Boɗinga a kai ta Shagari, sai na roƙe shi aron motar. Na kwashe kuɗin da na daɗe ina tarawa na sayo amfilifaya da wufa, na ɗaura da hannuna a but. Na kalli bidiyo biyu a YouTube, ni a dole na zama injiniya.

Mota a kashe, sauti garau. Ana tayar da inji sai wani siririn kuka ya shigo, wiiii, kamar sauro a kunne. In na taka totur ya ƙara tsini, in na saki ya sauko. Na ce sifikun ƙofa ne suka tsufa, na canza su. Kuka yana nan. Kuɗi sun tafi a banza.

Ana gobe ɗaukar amarya na ce bari in gwada ta a hanya. Ban kai Shagari ba sai kiɗa ya fara yankewa duk lokacin da na faɗa rami, sannan na ji warin roba na ƙonewa. Wallahi gabana ya faɗi. Motar mutane, abincin gida guda! Na tsaya na cire kan batir, na zare wayar amfilifayar, na lallaɓo na dawo Boɗinga wurin wani dattijo mai rewaya.

Ya buɗe but, ya ɗaga kafet, ya dube ni. "Ɗana, wa yay yi wanga aiki?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya ce, "To kai godiya ga Allah."

Abin da na yi shi ne: wayar at, wato wadda ke haɗa amfilifaya da jikin mota, na sa siririya, doguwa, na naɗe ta a wani ƙaramin sukuru a kan fenti. Ga kuma babbar wayar wuta da na jawo daga batir babu fis ko ɗaya.

Bari in warware muku, don a nan maganar take. Batirin mota bolt 12 ne, in inji na aiki altaneta na kai shi wajen 14. Wutar da ta fita daga batir dole ta koma, kuma ƙarfen jikin motar ne hanyar komawarta. Fenti da tsatsa ba sa barin wuta ta wuce sosai. To wuta kamar ruwan sama take, in ka toshe mata kwata sai ta bi ta ɗakin kwananka. Tawa ta bi ta wayar RCA, waccan mai jan kai da farin kai da ke kawo sauti daga rediyo. Wannan waya ba a yi ta don ɗaukar nauyi ba, shi ya sa ta yi zafi ta fara narkewa. Kukan kuwa na altaneta ne. Wutar da take bayarwa tana da ɗan kaɗawa, kuma da saurin inji take juyawa. Da wannan kaɗawar ta samu shiga hanyar sauti, amfilifaya sai ta ƙara mata ƙarfi kamar yadda take ƙara wa waƙa. Kun ga dalilin da kukan ke bin totur.

Gyaran da Baba ya yi bai kai awa ɗaya ba. Ya fara cire negatib na batir. Ya nemi ƙarfe mai kauri kusa da amfilifayar, ya leƙa ƙasa ya tabbatar ba saitin tankin mai ba ne, ya goge fentin da samfefa har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ya yanko waya mai kauri ɗaya da ta wutar, tsawonta bai kai rabin mita ba, ya matse mata kai mai zobe, ya ɗaure da noti tamau, ya shafa giris a sama saboda tsatsa. Ya sa fis dab da batir. Sabuwar RCA kuma ya bi da ita ta ɗaya gefen motar, nesa da wayar wuta. Muka tayar, ya taka totur har ƙasa. Tsit.

Yanzu in taka motar na kuka, kafin ka sayi komai yi wannan:

Na ɗaya, saurari irin kukan. In yana hawa da sauka da totur, altaneta ce da matsalar at. In ƙas-ƙas-ƙas ne mai saurin bin inji, duba fulogi da wayoyinsu. In shuuu ne ko inji a kashe, galibi ka murɗa gain ya yi yawa. Gain ba abin ƙara murya ba ne, daidaita amfilifaya da rediyo yake yi.

Na biyu, cire cajar waya daga soket. Sau da yawa caja mai araha ce ke kawo kukan, musamman in kana caji kana kuma kunna waƙa ta wayar aux.

Na uku, kashe komai, zare RCA daga amfilifaya, ka sake kunnawa. In kuka ya ɓace, daga gaba yake zuwa: rediyo, at ɗinta, ko ita wayar. In yana nan, amfilifayar ce ko at ɗinta.

Na huɗu, in kana da mita, auna tsakanin negatib na batir da inda at ya shiga amfilifaya, kiɗa na tashi. In ka ga ya doshi rabin bolt, akwai gyara.

In duk ka yi wannan bai daina ba, a duba maka diyod na altaneta da wayar da ta haɗa batir da bodi. Ƙaramar na'urar nan ta tace kuka da ake sa wa RCA, bar ta a ƙarshe. Tana iya rufe bakin kukan alhali ciwon na nan.

Abu biyu kuma. Kada ka kwance notin bel ɗin kujera don ɗaura at, wannan na ranka ne. Sannan wajen sayen waya ka kankare bakinta: in ciki fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta ainihi. Da irin zafinmu na watan Afrilu da ramukan hanya, ka riƙa duba notin nan lokaci-lokaci.

Amarya dai mun kai ta Shagari lafiya, kiɗa na tashi. Yaya kuwa sai bayan biki na faɗa masa gaskiya, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Wane irin kuka taka motar ke yi? Ku rubuto a ƙasa, mu duba tare a shiri na gaba. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.