Tsakanin Anbuba da Janareta

Shirin na yau ya yada zango ne a tsakar gida, a Khartoum da Omdurman na ƙasar Sudan, inda janareta ya zama ɗan gida tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Madatsar Merowe mai ƙarfin megawat 1,250 ita ce babbar madogarar wutar ƙasar, kuma hare-haren jirage marasa matuƙa da aka kai mata a 2025 sun bar unguwanni cikin duhu.

A Alƙahira gas na shiga gidaje ta bututun ƙarƙashin ƙasa. A Khartoum kuwa a anbuba yake zuwa, tukunyar nan mai kilo 12.5, kuma kafin yaƙi matatar Jaili da ke arewa da birnin ce babbar mai samar da shi. Don haka mai gidan da ya juya janaretansa daga fetur zuwa gas, shi ne da kansa zai shimfiɗa hanyar gas ɗin, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe.

Murhun girki ɗan kurɓa yake yi, kai ɗaya yakan sha wajen giram 200 a awa. Janareta mai kilowat 5 kuwa, in an ɗora masa cikakken kaya, yakan sha kusan kilo 2, wato anbuba guda ta ƙare cikin awa shida ko bakwai. Munazzim ɗin murhu, mai daidaita ƙarfin gas, yawanci kilo 1 zuwa 1.5 yake saki a awa. Tun daga bakin tukunya ke nan an shaƙe injin. Ita ma anbubar, in aka matsa mata, sai ta yi sanyi ta soma gumi, gas ya ja baya, shi ya sa masu aikin ke haɗa biyu a layi ɗaya.

Sai batun nisa, wanda ya fi damun wannan shiri. A watan Mayu zafin Khartoum na haura digiri 40, iyali su fito da angarib, wato gadon igiya, su kwana a hosh, wato tsakar gida. Hayaƙin janareta na ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci, dole a kai shi can ƙarshen gida, a sarari, nesa da taga da makwanci. To amma kowace mita da aka ƙara wa bututu tana rage abin da zai iso. Jadawalin da masu aikin gas ke bi a Amurka ya nuna bututun ƙarfe mai rabin inci yana kai kusan kilo 6 a awa in tsawonsa mita 3 ne. A mita 30, ko kilo 2 ba ya kaiwa. A mayar da shi mai kwata uku na inci, a wannan nisan, sai abin ya ninka. Kowace kwana da aka lanƙwasa ma ana lissafa ta tamkar ƙarin tsawo.

Alamar ƙarancin ba ta ɓuya. Injin zai tashi lafiya lau, amma da firji ko injin jan ruwa ya kama, sai ya yi tari ya mutu. Mai gida ya ɗora wa bakanike laifi, alhali yunwa ce ke damun injin.

Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan fara da karanta abin da kamfani ya rubuta a jikin janareta, ya auna nisa da mita, kana ya zaɓi bututu. Tiyon roba na murhu ba ya wannan tafiya, rana na tsattsaga shi. In an gama ɗauri, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ba a gwaji da ashana. Wannan gas ya fi iska nauyi, in ya zurare kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda yara ke shimfiɗa tabarma.