Auna Amfanin Na'urori A Ilmin Manya Da Horon Malamai

Jama'a, a duk shekara gwamnatoci na kashe dukiya mai yawa wajen sayen na'urorin koyarwa, tun daga akwatin rediyo har zuwa kwamfuta. Dukiyar nan ta talakawa ce, saboda haka haƙƙinsu ne su san ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Maganar da wannan lacca za ta tsaya a kanta ita ce, ba a gane amfanin na'ura ta ƙidaya yawan waɗanda aka raba. Ana gane shi ne daga abin da ɗalibi ko malami ya iya yi bayan ta zo, wanda a da bai iya ba.

Daga majigi zuwa rediyo

Amfani da na'ura wajen wayar da kan manya ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa da ƙauyukan Jihar Arewa. Da almuru sai a kafa farin ƙyalle a dandali, a nuna hotunan tsafta da noma da kiwon lafiya, mai sharhi yana bayani da Hausa. Jama'a kan taru maƙil, amma da gari ya waye motar ta wuce, babu wanda zai komo ya duba abin da ya zauna a zukata. Waɗanda suka iya karatu da rubutu a wancan zamani sun iya ne a ajin yamma, gaban malami, da littattafai masu araha irin waɗanda Hukumar NORLA ta buga a Zariya daga 1954 zuwa 1959. Majigi ya ja hankalin mutane, aikin koyarwa kuwa malami da littafi suka yi shi.

Rediyo ya fi majigi daɗewa a wannan fage, domin yana da araha, yana aiki da batir, kuma makiyayi na iya rataya shi a kafaɗa. Shi ya sa Hukumar Ilmin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta riƙe shi a matsayin hanyar isa ruga. Duk da haka, rediyo ba ya ganin hannun mai koyon rubutu, ba ya kuma gyara masa kuskure. Sai an haɗa masu sauraro ƙungiya ƙungiya, da jagora da littafin aiki, sa'an nan darasin yake kama ƙasa.

Horon malamai daga nesa

Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yaran da suka fito sun zarce adadin da aka ƙiyasta, malamai masu horo kuwa suka yi ƙaranci. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, dokar soja ta 1978 kuma ta tabbatar da ita. Cibiyar ta tsara hanyar da malami zai ƙaro ilmi ba tare da ya bar ajinsa ba: ana ba shi darussa bugaggu ya karanta a gida, ya halarci cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu, sa'an nan ya zauna jarrabawa. Daga 1990 aka faɗaɗa shirin har ya kai ga takardar NCE.

Abin lura a nan shi ne, takarda bugaggiya ce ta ɗauki mafi yawan nauyin wannan aiki, watau na'urar da ba ta bukatar lantarki ko makaniki. Amma ko a nan, yawan masu takardar shaida bai isa awo ba. Awon gaskiya yana cikin aji: mai duba makarantu ya zauna a baya, ya ga yadda malamin ke tsara darasi, yadda yake yi wa yara tambaya, da ko yaran sun iya karanta abin da aka ɗora musu.

Darasi daga maƙwabta

A 1971 ƙasar Kwaddibuwa ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin. Ana shirya darussa a birnin Buwake, a watsa su zuwa azuzuwa a faɗin ƙasa, har ƙauyukan da sai da batir ake kunna akwatin. Shirin ya ci kuɗi mai yawa, gyaran akwatuna ya zama jidali, malamai da iyaye kuma suka yi ta kukan cewa yara sun iya magana da Faransanci amma rubutunsu ya yi rauni. A farkon shekarun 1980 aka rufe shi. Babban kuskuren shi ne, an ɗora akwati a kan kujerar malami, shi kuma malamin aka mai da shi ɗan rakiya.

A Jamhuriyar Nijar kuwa an bi wata hanya dabam. A 2009 da 2010 an gudanar da azuzuwan manya a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, cikin harsunan mutanen yankin, ciki har da Hausa da Zabarmanci. Duk ƙauyukan sun sami malami da darussa iri ɗaya, amma a kusan rabinsu, waɗanda aka fitar ta hanyar ƙuri'a, an ƙara koya wa ɗalibai amfani da wayar hannu maras tsada, ana raba waya ɗaya ga ƙaramin rukuni. An yi wa kowa jarrabawa kafin a fara, da bayan an gama, da kuma bayan wasu watanni. Ɗaliban da suka yi aiki da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, fifikonsu a lissafi kuma bai gushe ba bayan an rufe aji. Dalili a fili yake: wanda yake aika saƙo ga ɗansa da ya tafi cin rani, ko yake tambayar farashin gero a kasuwa, kullum yana bitar karatunsa.

Yadda ya kamata a auna

Gwajin Nijar ya nuna hanyar awo da kowace hukuma za ta iya bi. Da farko a jarraba ɗalibai tun kafin na'ura ta iso, domin in ba a san inda aka tashi ba, ba za a san nisan da aka yi ba. Na biyu, a sami ajin da bai sami na'urar ba a kwatanta da shi. Na uku, a sake jarrabawa bayan watanni, gama karatun da babba ya koya yakan zube in ba a aiki da shi. Na huɗu, a lissafa kuɗin shirin gaba ɗaya, har da batir da man janareta da kuɗin data da ladan mai gyara, a raba da yawan waɗanda suka iya karatu a ƙarshe. Sau da yawa wannan lissafi kan nuna cewa kuɗin kwamfuta ɗaya zai sayi littattafan aji guda. Na biyar, a duba su wa aka bari a baya, musamman matan aure da ba su mallaki waya ba, da mutanen karkarar da lantarki bai kai ba.

Tun 1990 aka ɗora wa Hukumar Yaƙi da Jahilci da Ilmin Manya ta Ƙasa nauyin daidaita wannan aiki da hukumomin jihohi, amma aikin awo bai tsaya ga jami'an gwamnati ba. Sarakuna da dagatai, da shugabannin ƙungiyoyin mata, da kwamitocin makarantu, su ne ke kusa da ajin. In aka kawo na'ura garinsu, lalle ne su tambaya ko an horar da malamin da zai yi aiki da ita, da wanda zai gyara ta in ta lalace, da kuma harshen da take koyarwa da shi. Bayan shekara guda kuma su kira ɗalibi ɗaya, su miƙa masa wasiƙa ya karanta a gabansu, domin gani ya kori ji.