Inda Yaro Zai Yi Tambaya

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Fitowa sura 12. Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi, sai ya buɗe.

A daren da Allah ya fitar da Isra'ilawa daga Masar, ba a kafa alfarwa ba tukuna, ba a kuma naɗa Haruna firist ba. To, ina aka yi sujada? A cikin gidaje, wurin cin abinci. Kowane maigida ya ware ɗan rago ko ɗan akuya, namiji bana ɗaya marar aibi, tun ran 10 ga wata, ya yanka ran 14 da maraice. Aka shafa jinin a dogaran ƙofa, aka gasa naman, aka ci da gurasa marar yisti da ganyaye masu ɗaci. Musa ya hana kowa fita waje sai gari ya waye.

Yanzu ku duba aya 26 da 27. Musa ya faɗa musu wata rana 'ya'yansu za su nemi sanin ma'anar wannan idi, iyaye kuma su ba su labarin yadda Ubangiji ya ƙetare gidajensu a Masar. Allah ya bar wa yaro tambaya, ya bar wa iyaye amsa. Amma ina yaro zai tambayi wanda ba ya zama kusa da shi?

Mun san yadda gidajenmu suke. A sauke tuwon dawa ko gwaten acca, a kai wa Baba nasa shi kaɗai. Samari su ja kwanonsu gefe. Mama da 'yan mata su ci a bakin murhu, bayan kowa ya ƙoshi. Wani uban ma ba a ganinsa sai dare ya yi nisa, ya riga ya ci a kasuwa ko a gidan burkutu. A birni kuma kowa da farantinsa a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Yaron da aka buga a makaranta, yarinyar da wani yake tare ta a hanyar rafi, wa za su gaya wa, kuma yaushe?

Da yawanmu an koya mana ba a magana ana cin abinci. Ladabi ne, ba mu rena shi ba. To, a bari a wanke hannu, amma kada kowa ya tashi. Wannan ɗan zama kafin a kwashe kwanoni, shi ne namu.

Akwai kuma zancen yarenmu. Tun 1932 muke da dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, mun gode wa Allah, da ita muke waƙa da wa'azi. Makaranta kuma Turanci ne. Birom, da Angas, da Tangale, da Bura, da Jju, ina ya rage musu in ba bakin kwanon tuwo ba? Uban da ya sa albarka a kan abinci da yaren kakanninsa, ya nuna wa ɗansa Allah yana jin wannan yare.

Wani zai ce ba shi da teburin cin abinci irin na manya. Ɗan'uwa, Isra'ilawa sun ci nasu da gaggawa, ɗamara a ɗaure, takalmi a ƙafa, sanda a hannu. Tabarma ta isa.

Kada mu tsallake aya 4. Gidan da mutanensa ba su isa su cinye ɗan rago ba, an ce su haɗu da maƙwabci. Mu ko maƙwabci ba mu kai gare shi ba tukuna. Marayan ɗan'uwanmu da muke riƙo, da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana taya Mama aiki, su ne suke kankare ƙanzo a bayan ɗaki. Cikin jini ɗaya aka fanshe mu da su. A matsa musu wuri.

Iyayenmu maza, daga ku za a fara. Daren nan, in an kawo tuwo, ku ce a ajiye shi a tsakar gida, a kira kowa. Yara za su yi ta kallonku, ba su saba ba. Ku tambayi ƙaramin cikinsu abin da ya faru da shi yau, ku jira har ya gama.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba 2 Sama'ila sura 9, labarin Mefiboshet gurgu a teburin Sarki Dawuda. Ku karanta kafin lokacin.