Littafin Ƙungiya da Buɗaɗɗiyar Manhaja: Lacca ga Shugabannin Ƙungiyoyi a Danko



An nemi in yi magana a kan kwamfuta da aikin ƙungiyoyin sa-kai. Batun yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan abu guda: littafin da ƙungiya take rubuta mutanenta a ciki, wa yake riƙe da shi, kuma da me ya kamata mu maye gurbinsa.

Ƙasar Zuru ba ta taɓa rasa ƙungiyoyi ba. Daga nan Danko zuwa Ribah, daga Dabai zuwa Fakai da Sakaba da Wasagu, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da ƙungiyar ci-gaban gari ba, ko ta manoma, ko zumuntar mata, ko kwamitin marayu, ko ta tsoffin ɗalibai. 'Ya'yanmu da ke aikin soja da na gwamnati a Kaduna da Abuja da Legas suna turo gudummawa. Dukiyar irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce sanin mutane: wa ya biya kuɗin wata, wa ya yi alƙawarin buhun dawa bayan girbi, wace gwauruwa aka taimaka wa bara, wane yaro ake biya wa kuɗin makaranta. To, ina wannan sani yake zaune? Yana cikin littafi mai layi-layi a jakar sakatare, wani kuma yana cikin wayar ma'aji, ragowar yana cikin kan shugaba. Ranar da aka yi wa sakatare canjin wurin aiki, ko rai ya yi halinsa, ko aka saɓa da shi, sai ƙungiya ta wayi gari ba ta san kanta ba. Daga nan sai maganar "an ci kuɗi" ta taso. Na yi imani da yawa daga cikin rigingimun da suka kashe ƙungiyoyinmu babu sata a cikinsu. Rubutu ne ya ɓace, mai gaskiya ya rasa abin da zai kare kansa da shi, aka ɓata masa suna a banza.

Akwai manhajar da aka ƙera domin wannan matsala. Aikinta ta ba kowane mutum shafi guda, inda za a ga duk hulɗarsa da ƙungiya: lokacin da ya shiga, abin da ya bayar, taron da ya halarta, taimakon da ya karɓa, da dangantakarsa da sauran mutanen da ke cikin rajistar. Kamfanoni sun daɗe suna amfani da irinta wajen bin diddigin masu sayen kayansu. Sai dai galibin na kamfanoni haya ake yi, ana biya da dala duk wata ko duk shekara, kuma rubutun da aka gina manhajar da shi a rufe yake, mai ita kaɗai ke iya taɓa shi. Ku tuna cewa kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 kuma ta haura 1,500. Ƙungiyar da ta ɗora rajistarta a kan haya irin wannan ta ga kuɗin ya ninka sau uku ba tare da an ƙara mata komai ba, kuma idan ta kasa biya za a iya rufe mata ƙofar shiga bayananta.

Buɗaɗɗiyar manhaja ta sha bamban. Asalin tunanin ya koma 1983, lokacin da Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, ya kuma kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985. Ƙa'idarsu ita ce mai amfani da manhaja yana da 'yancin ya yi aiki da ita, ya binciki cikinta, ya gyara ta, ya kuma raba wa wasu. Manomi zai fahimci wannan da sauri: akwai irin da sai ka koma kanti duk damina, akwai kuma irin gida da kake ajiyewa a rumbu, ka zaɓi mai kyau, ka ba maƙwabcinka.

A fagen ƙungiyoyin sa-kai, wadda ta fi shahara ita ce CiviCRM. Ta fara fitowa a 2005, Donald Lobo da David Greenberg suna cikin waɗanda suka assasa ta, kuma tun farko don ƙungiyoyi aka yi ta. Tana da sashen mambobi, da na gudummawa mai fitar da rasit, da na taruka, da na aika saƙo, da wani sashe na bin lamarin mutum guda tun daga ranar da ya kawo kukansa har a share masa hawaye. Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, da ita take riƙe bayanan miliyoyin masu ba ta gudummawa. CiviCRM ta kuma karɓi lambar yabon Free Software Foundation ta 2020 ta ayyukan amfanin jama'a. Babu kuɗin lasisi, kuma ƙungiya tana iya ɗora ta a kan na'urarta ta riƙe bayananta da hannunta.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Dangin wannan manhaja sun riga sun yi aiki a ƙasarmu. Alƙaluman wata-wata na asibitocin ƙananan hukumomi a Najeriya suna shiga DHIS2 ne, buɗaɗɗiyar manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe take jagoranta. A yaƙin da aka yi da shan inna, ma'aikata sun riƙa cike bayanai a waya da ODK, wadda aka fara a Jami'ar Washington a 2008, kuma tana aiki ko babu sabis, sai an dawo gari a tura. Ƙungiyar eHealth Africa, da aka kafa a 2009 mai babban ofishi a Kano, ta taimaka wajen gudanar da cibiyoyin yaƙi da cutar a jihohin Arewa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Idan an iya bin yara gida-gida da irin waɗannan kayan aiki, rajistar ƙungiya mai mutum ɗari uku ba za ta gagare mu ba.

Amma zan yi muku ƙarya in na ce sauke CiviCRM kawai za a yi a fara aiki. Waɗanda suka ƙera ta sun yi tunanin mutum mai lambar gida, da adireshin imel, da katin banki. Mu kuwa a ƙauye ɗaya za ka sami Musa Ibrahim huɗu, ba a bambanta su sai da laƙabi ko sunan gidansu. Adireshinmu shi ne unguwa da mai unguwa. Gudummawarmu sau da yawa tiya ce ta masara, ko akuya, ko yinin aiki a gonar ƙungiya. Mata da yawa wayar miji ko ta ɗa suke amfani da ita. Duk waɗannan sai an zauna an gina musu gurbi, kuma a nan ne buɗewar manhajar take da amfani, domin ba sai mun roƙi wani kamfani a ƙetare ba. Haka batun harshe. 'Yan sa-kai ne suke fassara CiviCRM zuwa harsunan duniya, babu kuma wanda ya hana mu zama mu yi mata Hausa mai kyau, har ma da harshen C'lela. Sannan tana bukatar intanet ko na'ura mai zaman kanta, da wuta, da wanda zai riƙa sabunta ta. Duk wannan kuɗi ne. Mun kuma ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara, maƙwabciyarmu, a watan Satumban 2021, saboda haka tsarin da zai amfane mu dole ya jure kwanaki babu sabis: a tattara bayani da waya, a ajiye kwafi a wuri biyu, a kuma buga takarda duk wata uku a karanta a gaban taro.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A watan Yunin 2021 'yan sanda sun tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Danko/Wasagu. Babu wanda ke zaune a nan da bai san gidan da aka yi makoki ba, ko iyalin da suka bar gonakinsu suka dawo gari. Wannan hali ya ƙara mana bukatar rajista, domin idan kayan agaji suka zo, wanda ba a rubuta ba shi ake mantawa, mai baki kuma ya karɓa sau biyu. Amma wannan halin ne kuma ya mayar da rajista abin tsoro. Jerin sunayen masu ba da gudummawa, da adadin abin da kowa ya bayar, da lambar wayarsa, da ƙauyensa, idan ya faɗa hannun mai kai wa ɓarayin daji rahoto, ya zama jerin waɗanda za a ɗauka. Hoton shafin littafi da ake turawa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ya fi kowace kwamfuta haɗari. Manhaja mai kyau tana ba ka damar raba izini: ma'aji ya ga kuɗi, mai rabon agaji ya ga sunayen mabukata kawai, kuma a san wanda ya canza wani abu da lokacin da ya canza. Abin da ba dole ba kada a rubuta shi sam. Babu dalilin da zai sa ƙungiya ta rubuta yawan shanun mutum.

Doka ma ta shigo. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, kuma ba ta tsaya kan bankuna da kamfanonin waya ba. Wanda ya tara bayanan mutane wajibi ne ya faɗa musu dalili, ya kuma tsare su. Ƙungiyar da ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni kuma ana bukatar ta miƙa rahoton shekara, abin da ba ya yiwuwa sai da lissafi a rubuce.

Ƙungiya ɗaya a Danko ba za ta iya ɗaukar ma'aikacin kwamfuta ba, amma goma za su iya. Roƙona shi ne ƙungiyoyin wannan yanki su haɗa kuɗi su ɗauki matasa biyu, mace da namiji, a koya musu girka manhajar da kula da ita, kowace ƙungiya kuma da nata ɗakin bayanai da nata mabuɗin. Tun 2020 muna da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, ga kuma 'ya'yanmu da suka karanta kwamfuta suna zaune a gida. A fara da ƙungiya biyu ko uku na tsawon shekara guda, a ga abin da ya yi da wanda bai yi ba. Kafin nan, ina roƙon kowane shugaba da ke ɗakin nan, a taronku na gaba ku sa a kawo littafin ƙungiya, a kwafe shi, a damƙa kwafin ga amintacce na biyu, a kuma daina tura hotonsa a waya.

 Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.